Gonar da Aka Shuka Don Wanke Ƙasa

A birnin Taranto da ke kudancin Italiya akwai masana'antar ƙarfe da ta fara aiki a shekarun 1960, wadda ta zama mafi girma a Turai, aka kuma fi saninta da sunan ILVA. Ta ciyar da dubban gidaje, amma hayaƙinta ya shekara da shekaru yana sauka a kan gonakin da ke kewaye da ita. A cikin hayaƙin akwai gubar dayoksin, wadda takan taru a kitsen dabba da nononta idan ta yi kiwo a gurɓataccen fili.

Vincenzo Fornaro ya gāji kiwo kaka da kakanni a wata gona mai suna Masseria Carmine. A 2008 gwaji ya nuna gubar a jikin dabbobin gidansu, hukuma ta ba da umarni aka hallaka tumaki wajen 600. Filin yana nan, nasa ne, sai dai ba ya iya ciyar da kowa.

A 2014 shi da 'ya'yan ƙungiyar CanaPuglia da masu fafutukar kare muhalli suka taru suka shuka filin da wiwin zare. Sunan zai iya sa mai karatu ya ɗaga gira. Dangin tabar wiwi ne, amma sinadarin da ke sa maye a cikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai isa ya bugar da kowa ba. Don ɓawonsa ake noma shi, a yi igiya da tufafi da takarda, kamar yadda ake yi da rama. Italiyawa sun daɗe da saninsa, domin kafin zuwan zaren roba suna sahun gaba a duniya wajen noma shi.

Saiwarsa ce abin nema a Taranto. Tana nutsawa cikin ƙasa, ta tsotso ƙarafa masu guba irin su dalma, tsiron ya riƙe su a jikinsa. Cikin wata huɗu yakan wuce tsayin mutum, ya danne ciyawa. An taɓa gwada shi kusa da Chernobyl a ƙarshen shekarun 1990. Aiki ne na sannu, shuka bayan shuka, shekara bayan shekara.

Nan wannan gayya ta bambanta da wadda aka saba. Mai zuwa gayya ya san za a cika rumbu, kuma gobe a zo tasa gonar. Wanda ya sunkuya a Masseria Carmine ya san abin da za a girbe ba na ci ba ne, watakila ma ba zai ga ranar da tumaki za su dawo ba. Abin da guminsa ya saya shi ne kada manomi ya tattara ya bar gadonsa, kuma kada a manta da abin da aka yi wa filin.

Shuka kaɗai ba ta isa ba muddin bututun yana hayaƙi. A 2012 wata alƙaliya ta ba da umarnin ƙwace sassan masana'antar da suka fi gurɓata iska, Fornaro kuma ya tsaya takarar magajin garin Taranto a 2017. Wanke ƙasa da hana a sake ɓata ta aiki ɗaya ne, rabinsa a gona, rabinsa a kotu da majalisa.