A fara lissafi daga ranar asara

Samari kan zo ƙofar gidana bayan la'asar, kuma kusan tambayarsu ɗaya ce: "Baba, wace sana'a ke kawo kuɗi yanzu?" Ba na amsa ta, don mai saurin amsa irin wannan tambaya ko dillali ne ko mai neman abokin asara. Sai in ce, ɗana, a ce na ba ka jika ɗari biyar, na ce lallai ka karya jarin nan kafin kaka, yaya za ka yi? Su yi dariya tukuna, sannan baki ya buɗe. In ba suruki bashi ba shaida. In loda kayana duka a kamiyo ɗaya. In kwana da naira a aljihu. In riƙa cefane daga uwar kuɗi. Yaron da ya kasa faɗin hanyar riba ko ɗaya, sai ga shi yana jero hanyoyin karyewa ba ko numfashi. To, je ka ka kauce musu, saura na Allah ne.

Garin nan ma haka ya samu zama. Tsohuwar Maraɗi a fadama take, bakin Gulbi, har ambaliyar 1945 ta rushe ta. Aka daina tambayar yadda za a tare ruwa, aka tambayi inda ruwa ba ya kaiwa, aka hau tudu.

Na ga zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA ke saye, kowa na ganin arzikin ba shi da ranar ƙarewa. Farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo a 1975, kasuwa ta watse. Alhazan da suka tsaya da ƙafarsu su ne waɗanda tun ana cikin cin riba suka sa hannu a atamfa da shanu da wake, suna bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Ita ma hanyar an rufe ta a 1984, an sake a Agustan 2019, an kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023. Sefa ta zubar da rabin darajarta dare ɗaya a Janairun 1994. Amma har yau za ka ji babban mutum da gemunsa yana cewa ba a yi zato ba.

Inda abin ya fi burge ni, a gona ne. Shekaru ana kawo dashen dogon yaro da turare, a yi biki, a shuka, awaki da iskar bazara su gama da mafi yawansu. A 1983 wani Bature ɗan Ostireliya mai aiki da ƙungiyar SIM a nan Maraɗi, Tony Rinaudo, ya juya tambayar: wa ke kashe itacen da ke nan? Mu ne. Kowace bazara mu bi gona da gatari mu sassabe tohon kalgo da sabara, mu tara mu cinna wuta, don a ce wane manomi ne mai tsabta. Alhali kututturen yana da rai, saiwarsa ta yi nisa cikin ƙasa. Sai aka ce a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. An yi wa waɗanda suka fara dariya, ana ce musu ragwaye. Akwai kuma tsoron ma'aikatan gandun daji, don itacen da ya girma a gonarka ya zama na gwamnati, ka taɓa a ci ka tara. Da wannan tsoro ya ragu sai aiki ya bazu. Yau ana kiyasin hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta wannan sassaben zamani, ba a sayi dashe ko ɗaya ba.

A Jiratawa, inda famfunan rijiyoyi ke jiran wuta kuma kuɗin ruwa ba ya jiran kowa, na san manoman da ke fara ƙidaya daga ranar kasuwa su dawo baya zuwa ranar shuka. Sun ga yadda kowa ke zuba tumatir mako guda, kwando ya faɗi har ba ya biyan ɗan dako. Wasu suka koma zogale, don ganye in bai samu mai saye ba ana shanya shi.

Wani aminina a Tibiri, Allah ya jiƙansa, da lafiyarsa ya tara ƴaƴansa da maƙwabtan gona da shaidu, aka bi iyaka ƙafa da ƙafa, aka rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa. Mutane suka ce yana kira wa kansa mutuwa. Ya jima bayan haka yana cin tuwonsa, kuma da ya rasu ƴaƴansa ba su taka fadar Sarkin Gobir da ƙara ba.

Na san masu wuce gona da iri, waɗanda ke lissafin asara har su kasa fita gida, kuɗinsu na ƙarƙashin katifa yana ramewa. Ba su nake yabo ba. Yanzu ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa nan, aikin da aka ƙaddamar a 2021, kowa na lissafin abin da jirgi zai kawo masa. Da ni mai kamiyo biyar ne a hanyar Katsina, da tun bana na zauna da direbobina mun duba wane kaya jirgi zai ƙwace mana, da waɗanne ƙauyuka ne ba zai taɓa shiga ba.