Wai Likita Ya Wuce Ni

'Yan uwana mata, akwai wani ƙorafi da ba ya ƙarewa a bakinmu in an haɗu gidan suna ko na biki. Za ki ji mace ta ce ta kai yaro asibiti tun magariba, likita ya wuce ta kamar bai gan ta ba, ya je ya duba wadda ta zo bayanta. Sai a ɗauki salati, a ce ai asibiti sai mai hanya.

To ɗakin imajansi ba layin niƙa ba ne, da wadda ta fara ajiye kwano ita ce a gaba. Ƙa'idarsa, wanda ya fi kusa da mutuwa shi ake fara kamawa. In likita ya kalli ɗanki ya wuce, sau da yawa ya ga yana numfashi daidai ne, yana kuka da ƙarfinsa. Wanda ya yi shiru, idanu sun kafe, shi ne abin tsoro.

Na yi jinyar ɗiyar ƙanwata kwana uku cikin damina, na ga abin da idona. Likita ɗaya ne a kan aiki daren nan. Yana neman jijiyar wani yaro da maleriya ta shanye wa jini, aka shigo da ɗan acaɓa ƙafa a karye. Bai gama ɗaure shi ba nas ta sheƙo a guje, wai mai naƙuda na jijjiga a ɗakin haihuwa. Ya dawo ya tarar da manomi da saran maciji, 'yan uwansa sun cika ƙofa kowa na faɗin tasa. Ga rubutu kuma, don kowace allura sai ta shiga kati. Wallahi shayin da aka kawo masa da isha'i yana nan bisa tebur har kiran assalatu. Kuma tun ƙarfe 8 na safiyar jiya ya shigo, gari na wayewa zai zagaya marasa lafiya.

Mu nan Kurfi da Dutsin-Ma, ciwon da ya fi ƙarfin babban asibitin gari sai a tura shi Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya. Wannan shawarar ma a wuyan likita take: ya riƙe mutum ya mutu a hannunsa, ko ya sa shi a mota cikin dare, a shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankinmu?

Likitocin ma ba su ishe mu ba. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce kusan likitoci 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekara biyar. A 2025 har sai da ƙungiyar NARD ta likitoci masu neman ƙwarewa ta hana 'ya'yanta zarce awa 24 a jere suna aiki. Ke da kike yini ɗaya a gindin murhu kin san yadda hannu ke rawa.

Ban ce babu masu wulaƙanci a cikinsu ba, akwai, kuma Allah na kallo. Amma wani nauyin daga ɗakunanmu yake fitowa. Yaro ya kwana uku da zazzaɓi, an yi jiƙe-jiƙe, an sayo na kemis, ana jiran maigida ya dawo daga cin kasuwa ya ba da izini. Sai ƙarfe biyun dare, ya fara sanƙarewa, sannan a tashi maƙwabci mai babur.