Hoton Hajiya a kan Marwa

A hutun Disambar bara mu 17 muka tafi Umara daga Manchester. Yawancinmu ɗalibai ne, sai iyaye biyu da suka taso daga gida muka haɗu a Jidda. Da yake wayata ta fi ta kowa fitar da hoto da daddare, sai aka wayi gari ni ce mai hoton tawaga, ba tare da kowa ya naɗa ni ba. A harabar Harami, a gindin Dutsen Hira, a cikin jirgin ƙasan Haramain da ya kai mu Madina, kira ɗaya nake ji: "Zo ki ɗauke mu."

Da muka dawo na tara hotuna sun haura 600. Na zuba su duka a Google Drive, na tura wa zaurenmu na WhatsApp, ban tace ko ɗaya ba. Jarrabawa na gabana, kuma a zatona tunda tare muka yi tafiyar, hotunan na kowa ne.

Roƙon farko mai sauƙi ne. Wata ƙawata tana son a wanke wa mahaifiyarta ɗaya ta rataya a falo, amma wanda ta tura ta WhatsApp ya fito dishi-dishi, domin manhajar tana matse hoto idan ba a tura shi a matsayin fayil ba. Na ba ta na asali. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ma ta nemi guda uku don mujallarta, na ce bismillah.

Sai wani saƙo ya shigo daga wani kamfanin jigilar alhazai a Najeriya. Suna son hoto guda, na asali, za su buga shi a katon allon talla kafin azumi, kuma za su biya. Har ma sun riga sun sa ƙaraminsa a shafinsu, sun samo shi daga hannun wani da ya samo daga hannun wani.

Hoton na Hajiya ne, mahaifiyar ɗaya daga cikinmu, dattijuwa 'yar Katsina. Na ɗauke shi ne a kan Marwa, bayan mun gama zagaye na bakwai na sa'ayi. Tafiya ce ta kusan kilomita uku, kuma ta ƙi yarda a tura ta a keke. Tana tsaye ta fuskanci alƙibla, hannuwa a sama, hawaye har haɓa. Ba ta san na ɗauka ba. Gaskiya shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka, kuma kuɗin da aka ambata zai biya mini hayar ɗaki ta wata guda. Duk wanda ke zaune a Ingila da kuɗin tallafin karatu ya san abin da nake nufi.

A ƙa'idar haƙƙin mallaka, hoto na wanda ya ɗauka ne. Na yi kwana biyu ina lallashin kaina da wannan magana. Na tambayi ɗanta, ya ce ai ba komai, Hajiya ba ta ma shiga intanet. Amsar da nake so ke nan, shi ya sa ban amince da ita ba. Na karɓi lambarta na kira.

Bayan doguwar gaisuwa na ce, "Mama, akwai wani hotonki da wasu ke son bugawa a bakin titi." Na kwatanta mata wurin. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ta ce, "'Yata, a wurin nan ina yi wa 'yata addu'a ne, wadda ta rasu wajen haihuwa. Wannan kukan ba na talla ba ne."

Ban san da rasuwar ba. Kwana goma muna cin abinci a faranti ɗaya.

Na rubuta wa kamfanin na ce a'a, na roƙe su su sauke wanda suka sa. Sun sauke bayan mako guda, ko da yake na san yana nan a wayoyin da ba zan iya ƙirgawa ba. Na koma cikin 600 ɗin nan na cire duk hoton da aka ɗauki mutum yana addu'a, ko yana barci a mota, ko mayafinsa ya zame. Guda 41 ne. Kowanne na tura wa mai shi shi kaɗai. Wasu a zauren sun ce na cika tsanani.

Kafin mu yi sallama Hajiya ta ce akwai wanda take so a wanke mata. Wanda muka tsaya a jere ne a harabar masallaci, dogon agogon nan a bayanmu, kowa ya ƙame kamar hoton fasfo, rabin fuskar wani ma ta fita. Irin wanda alhazan da ke ɗauka a gaban zanen Ka'aba su kawo gida. Ta ce a yi shi babba, a sa masa gilashi, kuma in rubuta mata sunan kowa a baya don ta riƙa sa mu a addu'a.