Dafin da ƙasa ke cinyewa

Warin maganin feshi da ke tashi a gonar wake ba ya daɗewa, kuma ba kowa ke tambayar inda ya shiga ba. Wani ɓangaren maganin rana ta ƙone shi, wani kuma ruwa ya tafi da shi. Wanda ya sauka ƙasa kuwa, ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke warware shi sannu a hankali, su mai da guba abinci. A 1973 masana a Filifin suka ba da labarin wata ƙwayar bakteriya daga gonar shinkafa, Flavobacterium, mai narkar da magungunan ƙwari diazinon da parathion. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙasa tana sabawa. In aka yi ta zuba mata magani iri ɗaya shekara da shekaru, masu cinsa sukan yawaita har ya ƙare tun bai kashe ƙwarin ba, manomi ya ɗauka jabu aka sayar masa. Ashe sabo ba mutum kaɗai yake kamawa ba. Sai dai ba kowane dafi suke iyawa da shi ba. DDT, da Amurka ta hana fesawa a gonaki tun 1972, har yau ana samun burbushinsa a ƙasar da aka taɓa zuba shi.