Waƙar Wane Ne Wannan?

A ƙasar Nijar ba a jarida mutum yake samun labarin sabuwar waƙa ba, a bakin abokinsa yake samu. Kowace fada, wato inda samari suke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suna dafa shayi, tana da mutum guda wanda aka yarda da kunnensa. Ba lalle ya fi sauran kuɗi ko karatu ba. Wani tela ne, wani ɗan kabu-kabu, wani kuwa yaron mota mai zuwa Kano ko Kwatano. In ya ce, "Ku saurari wannan," sai a yi tsit. Idan waƙar ta yi daɗi, girmansa ya ƙaru. In ba ta yi ba, sai ya yi mako guda yana shan ba'a, gama ya sa an ƙona batir a banza.

A zamanin kaset, wato shekarun 1980 da 1990, aikin wannan mutum ba ƙarami ba ne. Shi ne yake tsayawa a rumfar mai kaset a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, yana jin abin da ya shigo. Mai rumfar yana da rediyo mai baki biyu. Ka kawo kaset ɗinka wanda ba kome a ciki, mai minti 60 ko mai 90, ka ce a sa maka Shata a gefe ɗaya, Ɗanƙwairo a ɗaya gefen. Sa'an nan ka kai gida, abokinka ya ara ya kwafa, ƙanen matarsa kuma ya kwafa daga nasa. Kowane kwafi yana rage wa muryar haske. Kafin waƙa ta kai ƙauye ta zama jikanyar jikanya, kalangu yana fita kamar ana kaɗa shi a cikin rijiya. Duk da haka ana ji, ana murna, in zaren ya sarƙe a sa biro a naɗe shi.

Amma akwai abin da yake ɓacewa tun kafin murya ta dushe, shi ne sunan mai waƙar. Da biro ake rubuta shi a 'yar takarda, takardar kuwa ba ta daɗewa. Mawaƙan Hausa na dā ba su da wannan damuwa sosai. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan ambaci kansa a cikin waƙa, muryarsa kuma ko yaro ya san ta. Ban da haka, ba daga kaset abincinsa yake fitowa ba. A gaban mutane yake waƙa, wanda aka wasa ya tashi ya yi kyauta, ko riga, ko doki, ko mota, kowa yana gani. Mai ji da mai waƙa suna wuri ɗaya, hannu yana iya kai wa hannu.

Kaset ya raba su. A 1989 wata yarinya 'yar Mali, Oumou Sangaré, ta je Abijan ta ɗauki waƙoƙin da aka kira Moussolou, ma'anarsa "mata". An sayar da fiye da 200,000, ban da na kwafi waɗanda ba mai iya ƙidaya su. A ƙasar Hausa kaɗan ne suke jin harshenta. Mai kawo kaset ɗin shi ne yake zama tafinta, ya ce tana magana a kan auren dole da wahalar mata, ko da shi ma a bakin wani ya ji. Mutane da yawa sun so waƙoƙin nan shekara da shekaru, abin da suka sani kawai shi ne "matar nan ta Mali".

Wani lokaci rashin sunan kariya ne. Sa'ad da ake tawayen Abzinawa a arewacin Nijar, daga 1990 har aka sa hannu a kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, an hana waƙoƙin garaya irin ta Turawa na Abdallah Oumbadougou. Kaset ɗinsa a ɓoye yake yawo. Wanda ya miƙa maka shi ya ba ka amanar kansa ne, ba wanda yake rubuta suna a kai.

Da salula ta zo, hanyar ba ta sāke ba, kayan ne suka sāke. Maimakon kaset sai ɗan kati ƙarami kamar farce, wanda yake ɗaukar waƙoƙi ɗari-ɗari. Samari biyu su haɗa wayoyinsu a tashar mota, su tura wa juna ta Bluetooth, ba kuɗi, ba intanet. Yanzu murya ba ta dushewa ko an kwafa sau dubu. Suna kuwa ya fi dā saurin ɓata, domin kowa yana iya goge shi ya rubuta abin da ya ga dama, ko a bar lamba kawai.

Labarin Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ya nuna yadda abin yake. Ba'abzine ne daga jihar Tawa, bahago ne kuma. Gitarsa ta fari da hannunsa ya ƙera ta, da wayar birkin keke, gama iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba. A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na fari, waɗanda aka kira Anar. Da harshen Tamashek ya rera, amma an gyara muryar da na'ura irin yadda ake yi wa waƙoƙin fina-finan Hausa. Ba kamfanin da ya baza su a kasuwa. Daga waya zuwa waya suka bi hamada har suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai tara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga cikinsu, mai suna Tahoultine, a wayoyin mutane. Abin da ya rage a jikinta na shaida guntun suna ne, "Mdou". Da wannan guntun ya yi ta cigiya har ya sami mai ita. A 2011 waƙar ta fito a faifan da ya tara na waƙoƙin salular Sahara, aka kuma biya mai waƙar.

Mai karatu ya lura da ƙanƙantar abin da ya ceci wannan saurayi. Mutum nawa ne waƙar ta bi ta hannunsu tsakanin Sakkwato da Mali? Kowannensu yana da ikon share haruffan nan huɗu. Ba su share ba, watakila don kula, watakila don ƙyuya. Da ɗaya ya rubuta "gita mai daɗi" a wurin, da waƙar ta ci gaba da faranta wa mutane rai, mai ita kuwa yana nan yana kiɗan biki, ba wanda zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Saboda haka masu kunnen fada ba ɗaya suke ba. Akwai wanda yake son a ce shi ne ya fara kawowa, in an tambaye shi mai waƙar sai ya ɗaga kafaɗa, kamar shi ya haife ta. Akwai kuma wanda ba ya sakin waƙa sai da bayaninta: wane ne, ɗan ina ne, wannan ta fi ta bara ko ba ta kai ba. Na biyun yakan gajiyar da mutane, shayi ya huce yana ta zuba. Amma shi ne mai amfani. Ba wanda zai ce wa matalauci ya daina kwafar waƙa, alhali ko shagon sayen ta gaskiya babu a garinsu. Faɗar suna kuwa ba ta cin ko dala.

Mdou Moctar ya ci gaba. Faifansa Afrique Victime ya fito a 2021 a wani kamfanin Amurka, wani kuma ya biyo a 2024. A watan Yuli na 2023, sa'ad da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai aka rufe iyakoki, shi da abokan kiɗansa suna yawon wasa a Amurka, hanyar gida ta toshe. Masu jin waƙarsa, waɗanda yawancinsu ba su san kalma ɗaya ta Tamashek ba, suka yi karo-karo ta intanet domin su sami wurin kwana da abinci har hanya ta buɗe.