Kolmanskop: Garin da Yashi Ya Gada

A darasin labarin ƙasa na zangon da ya wuce, mun nuna wa 'yan aji huɗu hoton wani ɗaki da yashi ya cika har bakin taga. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, masu gidan ba su da tsintsiya ne?" Muka yi dariya gaba ɗaya. Amma da muka koma gida, tambayar ta ƙi barinmu.

Ɗakin nan yana Kolmanskop ne, cikin hamadar Namib a kudancin Namibiya, kimanin kilomita 10 daga Lüderitz, garin bakin teku. A shekarar 1908, sa'ad da ƙasar take hannun Jamusawa, wani lebura baƙar fata mai suna Zacharias Lewala yana kwashe yashi daga layin dogo, sai ya tsinci wani dutse mai ƙyalli. Ya kai wa maigidansa, August Stauch. Ashe lu'ulu'u ne. Stauch ya kuɗance, Lewala kuwa bai sami abin kirki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Kafin ka ce kwabo, gari ya tashi inda ko ciyawa ba ta tsira sosai. Aka gina manyan gidaje irin na Jamus, da makaranta, da zauren rawa, da ma'aikatar ƙanƙara. Asibitinsu har da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Amma garin ba shi da rijiya, ba shi da gona. Ruwan sha ma a jirgin ruwa ake kawo shi daga Cape Town.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lu'ulu'un wurin ya fara ƙarewa. A 1928 aka sami wanda ya fi shi can kudu, wajen bakin Kogin Orange. Mutane suka riƙa kwashe kayansu. A 1956 na ƙarshensu suka tashi, gari ya zama kufai. Yau masu yawon buɗe ido ne ke ratsa ɗakunan, ƙafa na nutsewa cikin yashi.

To, 'yarmu, ga amsarki. Suna da tsintsiya, kullum kuwa ana shara muddin akwai abin tsinta a ƙasa. Abu ɗaya ne ya tara su, da ya ƙare ba wanda ya ga dalilin zama.

Ku da za ku bar mu bana, ku je neman arziki, ba laifi. Sai dai duk inda kuka sauka, ku tambayi kanku: in abin da ya kawo mu ya ƙare, me zai rage da za mu tsaya dominsa?