Kalmar da ta yi fatauci

Ran nan Auta ya komo daga lakwal ransa a ɓace. A takardar sakamakonsa, mushe ya rubuta kalmomi biyu da jan biro: « Pas sérieux ». Babansa bai iya faransanci ba, amma ya ga ja, ya kuma ga Auta ya sunkuyar da kai. Sai ya ce: « Gobe tare za mu tafi. »

Da safe suka tarar da mushe a bakin aji. Bayan sun gaisa, Baba ya ce: « Mushe, me ɗan naka ya yi? »

Mushe ya ce: « Malam, Auta yana da basira, amma ya mai da karatu wasa. In bai gyara ba, zai maimaita aji. »

Kashegari Auta ya shigo aji ya haɗe fuska, ko murmushi ba ya yi. Yana tsammani abin da ake nufi da sérieux ke nan. Da mushe ya gane, sai ya yi dariya, ya rataye taswirar Turai a jikin allo.

Ya ce: « Ku dubi Roma. Shekaru fiye da 2000 da suka wuce, mutanen wannan birni latinanci suke ji. Abin da ba na wasa ba, suna ce masa serius. Daga latinanci faransanci ya fito, shi da ƴan'uwansa. A Italiya da Sifen ana cewa serio, a Fotugal sério, a Romaniya serios. Mutanen Folan harshensu ba na wannan dangi ba ne, amma sun ari serio, kamar yadda muka ari littafi daga larabci. A shekarar 1887 kuma, wani likitan ido na ƙasar Folan, mai suna Zamenhof, ya fito da sabon harshe, esferanto. A cikinsa ana cewa serioza. »

Sa'an nan ya dubi Auta ya ce: « Ba fuska nake nufi ba. Wanda ya riƙe aikinsa da gaske, shi ne sérieux, ko da yana dariya. »

Da dare Auta ya kwashe labari ya faɗa wa Baba. Baba ya ce: « Ashe kalma ma tana fatauci! To, mu ma muna da tamu: da gaske. Ka taɓa ganin damina ta jira mai wasa? »

Tun daga ranar, Auta ba ya fita dandali sai ya gama aikinsa a gaban fitila. Yana wasa, yana dariya, amma kowane abu da lokacinsa. Da takardar ƙarshen shekara ta zo, shi da kansa ya karanta wa Baba: « Élève sérieux ».

Tambayoyi
1. Don me Auta ya haɗe fuska?
2. Daga wane harshe kalmar sérieux ta fito?
3. Kawo kalmomi uku da hausa ta ara daga faransanci.